Yadda Kaka Ya Tausasa Bayan Babur

Warin fetur da ƙamshin gahawa, su ne suka gauraya a tsakar gidanmu ranar da Kaka ya rasu. Fetur ɗin yana cikin gwangwanin tumatir a gindin darbejiya, inda ya jiƙa waɗansu notina da hantsi ya ce zai goge su in ya yi azahar. Gahawar kuwa matan unguwa ne suka shigo da kaskonsu suka hau soyawa tun ba a dawo daga maƙabarta ba. Ba wanda ya tuna ya ɗauke gwangwanin. Har yau in na wuce gidan mai, sai in ji kamar za a miƙo mini finjali.

An kafa rumfar makoki a ƙofar gida, ta tare rabin layi. Mu mata muna ciki, amma ta tagar ɗakin Inna ana hango masu shigowa. Mutanen kasuwar makanikai suka zo a jere, suka ɗaga hannuwa don Fatiha, kowane tafi da baƙin man da sabulu ya gaji ya bar shi. "Albaraka fikum," suke cewa, gaisuwar ta'aziyyar garinmu, Baffa yana amsawa. Baffa shi ne ɗan farin Kaka, yayan mahaifina, kuma tun daga wannan rana shi ne babban gida.

Wani dattijo daga cikinsu, mai injin gurzar ƙarfe, ya nemi iznin shiga zaure, inda ƙaramin baburin Kaka yake jingine. Ya ɗora tafinsa a bayan kujerar, ya danna ƙasa, ya saki. Kujerar ta taso a hankali kamar ƙirjin mai barci. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya ja jelar rawaninsa ya rufe fuska.

Gwaggo ta iso daga Hawata da la'asar, tana kuka tun daga bakin layi. Da ta shigo zaure ta ga baburin sai ta tsaya. "Har yanzu wannan jakin ƙarfen yana nan? Shi ya cinye wa Baba gwiwoyi!" Ta faɗi haka, ta shafa tankin da gefen mayafinta, ta wuce ciki da kukanta.

Habboba, kakarmu mace, tana zaune a tabarma cikin farin tob, dogon lulluɓin matan garinmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ana ta yi mata gaisuwa tana amsawa da kai, sai can ta kira ni ta ce, "Je ki rufe masa abinsa. Ƙura za ta shiga inda ba ya so."

Na rubuta wannan ne don ƙannenmu da za su taso su tarar da baburin a zaure, kada su ɗauka tsohon ƙarfe ne aka rasa mai saye.

Kaka ba makanike ba ne. Manomi ne na dawa da riɗi, ɗan mutumin da ya taso daga yamma da ƙafa zai je Makka, baƙar ƙasar Gadarif ta riƙe shi a hanya. Gajere ne, mai siririn gemu, ba ya saurin magana. In ka tambaye shi abu ba ya cewa a'a, sai dai ya ce, "Bari mu gani," kuma yana iya yin shekara yana gani. In yana kwance wani abu, hularsa yake cirewa ya zuba notina a ciki, shi ya sa duk hulunansa suke da zoben mai a tsakiya, Habboba tana wankewa tana mita. Yakan sha gahawa da citta mai yawa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce wadda ba ta sa ka hawaye ba shayi ce. Ni kuwa tun da na shiga kulliya, wato kwaleji, ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Ustaza. "Ustaza, littattafanku sun ce yaushe za a yi ruwa?" In na ce ba su faɗa ba, sai ya girgiza kai da tausayi, kamar an cuce ni.

Wata shekara mai kawo mana ruwa a keken jaki ya yi rashin jakinsa. Kaka ya ba shi namu, ya ce aro ne. Jakin ya tsufa ya mutu a hannun mutumin, Kaka bai taɓa tambaya ba. Ranar rasuwa mutumin ya cika duk randunan gidan ya tafi.

Maganar da aka fi riƙe masa ita ce, "Hanya ba ta jin lallashi. Abin da kake zaune a kai shi ake lallasa." A kan babur ya faɗe ta, kuma ga yadda aka yi.

Habboba tana da gona ta kanta a kan hanyar Doka, gadon mahaifiyarta. Ba babba ba ce. Riɗi take shukawa, da kuɓewa a gefe. Duk shekara kafin ruwan fari takan hau lori zuwa mararraba, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa ta wata siririyar hanya da ke ratsa ƙorama, inda mota ba ta shiga. Takan tsaya a kan gonar ta nuna wa 'yan ƙwadago inda za a fara. Sai ta zame a bayan gida ta bugu a ƙugu. Ta warke har tana zagaya tsakar gida, amma doguwar tafiya ta gagare ta, kuma girgiza kaɗan sai ciwon ya taso mata har wuya. Damina ta zo ta wuce ba ta je ba, gonar ta cika da ciyawa.

Da rani ya yi nisa Baffa ya zo da magana. Wani mai tarakta da ke da babban fili a gefen yana so a ba shi gonar ya haɗe da tasa. Ina zuba musu gahawa na ji su.

"Yaba, gonar da mai ita ba ta takawa ai ta zama daji. A ba mutumin nan, Hajja ta huta."

"Wa ya ce maka hutu take nema?"

"To da me za ta je? Da fiffike?"

"Bari mu gani."

"Kullum bari mu gani! Wallahi in tarakta ta bi ta kan iyaka sau ɗaya, ko kai ba za ka gane inda gonar take ba. Gara a ba shi da daraja tun yana roƙo."

Kaka ya ajiye finjali. Ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri haka ba. "In uwarka ta taka gonar da ƙafarta kafin ruwan fari, ka bar mata abinta. In ba ta taka ba, ka yi yadda ka so." Baffa ya ce ya yarda, ya tashi bai shanye gahawarsa ba. Habboba tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Ba ta magana kai tsaye da Baffa, ko sunansa ba ta faɗa, saboda ɗan fari ne. Amma na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faranti.

Baburin irin na daji ne, ƙarami, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora, Kaka ya saye shi hannu na biyu don zagayen gona. Shoka ɗaya gare shi a baya, a ƙarƙashin kujera: sandar ƙarfe mai mai a ciki, da sifirin nannaɗe a jikinta. Man ya daɗe da tsiyayewa, sifirin kaɗai ya rage yana tsalle yadda ya ga dama. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Da damina laka ce mai kama ƙafa, manyan motoci su yi mata rami, da rani ta bushe a haka ta tsage, ta zama kamar haƙoran zarto.

Akwai kuma abin da ya fi hanyar wuya. Habboba ba za ta riƙe mijinta a kan babur ba. Da na tambaye ta sai ta dube ni kamar na yi saɓo. "In rungume shi a tsakiyar layi, surukai suna kallo? Ke dai boko ya gama da ke." A karkace za ta zauna, ƙafafu gefe ɗaya, hannuwa a cinya. Saboda haka duk abin da zai hana ta faɗuwa, dole daga ƙarƙashinta ya fito.

Kaka ya tura baburin kasuwar makanikai. Kunyar da ta hana Habboba riƙe shi, ita ta hana shi faɗin gaskiya. Ya ce musu kaya zai ɗauka, a gyara masa baya. Su kuwa duk wanda ya kawo musu babur da wannan magana, buhunan riɗi yake nufi ko jarkoki zuwa Gallabat, bakin iyakar Habasha. Suka samo sifirin raksha, keken nan mai ƙafa uku, sifirin mai kauri kamar yatsa, suka yanke, suka ɗaura masa. Wani saurayi a cikinsu ya hau ya yi tsalle a kai, ko motsi bai yi ba. "Ya Hajj, ko raƙumi ka ɗora ba zai durƙusa ba."

Washegari bayan asuba ya kira ni. "Ustaza, jikinki ɗaya da na kakarki. Zo ki yi mini aikin ilimi." Ya zaunar da ni a karkace, ya cika kwanon sha da ruwa ya ba ni in riƙe da hannu biyu. In ruwan ya kai ƙarshen layi, aiki ya yi. In ya zube, da saura.

Ramin farko na ji haƙorana sun haɗu. Na biyu ruwan ya tashi sama ya dawo mini a fuska. Kafin mu kai shagon kusurwa ni da kwano mun rabu, ina zaune a ƙasa, kwanon yana gangarawa wajen awaki. Mai shagon ya leƙo yana dariya. "Ya Hajj, wanka kuke yi wa Ustaza a titi?"

Kaka ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini mayafi, bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon sifirin. A ranar ya koma kasuwa, ni ina biye da shi don in sayo wa Inna citta. Ya wuce samarin ya tafi wurin dattijon nan mai gurzar ƙarfe, ya zauna a kan benci, ya yi ta juya hularsa.

"Kayan da na ce zan ɗauka..." Ya yi gyaran murya. "Uwar yara ce."

Dattijon ya kashe injinsa. "La ilaha illallah! Ya zol, ka sa an yi wa Hajja shimfiɗar raƙumi? Matar da ko rabin buhu ba ta kai ba? Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban yaran nan?"

"To ga shi ka faɗa a gaban jikarka."

"Wannan ai Ustaza ce, ba ta jin komai sai littafi."

Daga nan aikin ya juya. Abin da ake nema shoka ce mai tsawo da sifirin mai laushi, wadda za ta nutse da nauyi kaɗan ta kuma taso a hankali. Babu irinta a Gadarif. Dattijon ya aika wa wani ɗan'uwansa mai fatauci a Gallabat, aka yi ta jira. Gajimare kuwa ya fara taruwa ta wajen Habasha, da yamma iska tana kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Baffa yakan shigo gaisuwa ya ɗaga kai ya dubi sama. Kaka ma yakan dubi sama.

Da shokar ta iso, ja ce, da ɗan gwangwanin mai a gefenta. Idonta na ƙasa ya yi wa ƙusar baburin faɗi, dattijon ya gurza mata zoben tagulla ya cike. Da aka ɗaura ta sai bayan ya ɗaga, har Kaka ba ya taka ƙasa sai da kan yatsu. Ya fere soson kujerar ta gaba da wuƙar yankan kuɓewar Habboba, ya kai takalminsa aka ƙara masa tafin taya. Ya sassauta kaca don ta samu wurin numfashi in ƙafar baya ta sauka rami. Ya ƙera ɗan katako a ɓangaren hagu, nesa da zafin salansa, inda za ta ɗora ƙafafu.

Saura laushin. Akwai zobe a saman sifirin, in ka juya shi ya matse ko ya saki. Kaka yakan durƙusa da guduma da ƙusa ya buga shi kaɗan, mu hau, mu dawo, ya duba kwano. In ya saki da yawa sai bayan ya nutse ya daki ƙarfe, in ya matse sai ruwa ya fantsama. Ina jin ƙarar gwiwoyinsa duk lokacin da zai miƙe. Unguwa ta saba da mu, mata suna leƙowa ta katanga suna tambaya, "Yau nawa ya rage?" A ɗaya daga cikin waɗannan safiyoyi ne, yana durƙushe, ya faɗi maganarsa ta hanya da lallashi. Ran da muka je har bakin ƙorama muka dawo ruwan yana rawa a kwano bai taɓa baki ba, ya karɓa ya shanye shi a tsaye. "Halas," ya ce. "Je ki gaya wa kakarki gobe za mu je."

Habboba ta fito da hantsi cikin tob mai ruwan ƙasa, da carbi a hannu. An yi ɗan yayyafi da dare, wanda bai jiƙa komai ba sai ƙura. Inna ta kama ta ta zauna, ta gyara mata gefen tob kada ya shiga taya. Habboba ta miƙe bayanta, ta ɗora hannuwa a cinya, ta kafa ido gaba kamar mai zama a masallaci. Layin ya cika da masu kallo da suke yi kamar ba kallo suke ba. Kaka ya tayar da injin, suka tafi a hankali. Na bi su da ido: taya tana hawa tana sauka, ita kuwa kanta yana tafiya a miƙe kamar tulu a kan 'yar da ta iya ɗauka.

Sai bayan la'asar suka dawo, hadari ya riga ya haɗu baƙi ƙirin. Ta sauka da kanta. Ta ƙi shiga ɗaki, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta kuma ƙi karɓar butar da na kawo. Da Baffa ya shigo ya durƙusa gaisuwa, ba ta dube shi ba. Ta miƙe ƙafafunta gabansa kawai, baƙar ƙasar gona ta cika tsakanin yatsunta har idon sawu. Baffa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki butar ya zuba mata ruwa da hannunsa. "Na gani, Hajja," ya ce. A daren aka yi ruwan fari.

Daminu da yawa bayan nan Kaka ke kai ta, lokacin shuka da lokacin yanka, har da ranakun da babu wani aiki sai ganin yadda riɗi ya yi fure.

Ya rasu da sanyi, bayan an gama kakkaɓe riɗi. Mai tarakta ya zo gaisuwa, na ga ya ja Baffa gefe a bakin rumfa. Habboba ta shiga takaba, baburin yana zaure a rufe, mu kuwa ba wanda ya iya tayar da maganar gona. Mahaifina bai iya babur ba. Watanni suka shuɗe, zafi ya zo, gajimare ya fara leƙowa ta gabas.

Mako guda da fitarta takaba na ji bugun guduma a zaure. Baffa ne durƙushe, ya yaye rufin, ya cire hularsa ya zuba notina a ciki. Ya fi Kaka jiki nesa ba kusa ba, da ya hau bayan ya nutse, dole a matse zoben. Bai ɗago ba ya ce, "Ina kwanon nan naku yake?"

"Baffa, ka iya kuwa?"

"Bari mu gani." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya ci gaba da bugu.

Shi ke kai ta yanzu. Tana zama a bayansa a karkace, hannuwa a cinya, ba ta taɓa ko gefen rigarsa, ba ta ce masa komai sai in za ta sauka ta ce wa iska, "Allah ya yi albarka." Bana kuɓewar ta yi yawa har an aika wa Gwaggo a Hawata.

Allah ya sa kabarin Kaka ya fi kowace shimfiɗa laushi, ya yafe masa, ya haɗa shi da iyayensa da suka tsaya a hanyar Makka. Ya ba wa wanda ya gaji gudumar haƙuri irin nasa.

Sai da aka yi damina biyu da rasuwarsa, muna sheƙe riɗi ni da Habboba, na ce mata aikin Kaka ya yi kyau, shekaru tana hawa ba ta taɓa buƙatar riƙe kowa ba. Ta ajiye faifai ta yi dariya har tana dafe ƙugu.

"Wa ya gaya miki? Bayana dai ya gode wa shoka. Amma da mun wuce gidan ƙarshe na gari, sai in rataya carbi a wuya in riƙe shi da hannu biyu. Tun ranar farko." Ta ɗauki faifan ta ci gaba da sheƙa. "Kuma in mun taso dawowa, yakan bi ta doguwar hanya."